Wi-Fi a gida: yadda za ku kafa shi, ku kuma rufe ƙofa ga masu satar rezo

Bayan sallar isha'i, idan kuka ratsa wasu unguwannin Maradi, Damagaram, Tawa ko Yamai, ba wuya ku tarar da samari uku ko huɗu sun jingina da katangar wani gida, kowa ya duƙar da kai, hasken salula na haska masa fuska. Babu tabarma, babu butar shayi, don haka ba fada ce ta tara su ba. Wi-Fi ɗin gidan ne ya tsallako katanga suka same shi. Mai gidan kuwa yana ciki yana lissafi: forfen da ya saya don ya kai shi ƙarshen wata ya ƙare tun kafin wata ya raba, kuma duk lokacin da ɗansa da ke Abijan ya kira ta bidiyo sai hoto ya daskare, murya ta riƙa yankewa.

Lissafin ba shi da wuya. Sa'a guda ta kallon bidiyo a TikTok ko YouTube tana iya cin rabin jiga zuwa jiga ɗaya, ta ma zarce haka idan hoton mai kyau ne sosai. Mutum huɗu, sa'a biyu kowane dare, sun cinye jiga 4 zuwa 8 ke nan. A wata guda an kai jiga 120 zuwa 240, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya ba da dala.

Asarar kuɗi ita ce ake fara gani, amma ba ita kaɗai ba ce. Ta wannan akwatin ne iyali ke magana da ɗan uwan da ke Aljeriya, Libiya, Gana ko Faransa. Ta nan ake duba saƙon kuɗin da aka turo, ta nan kyamarar ƙofar gida ke aika hoto, kuma layin yana ɗauke da sunan mutum ɗaya wanda shi za a fara nema idan aka aikata wani abu da shi.

Intanet daban, Wi-Fi daban

Mutane da yawa na ɗaukar su abu guda, kuma wannan kan sa a sayi kayan da ba za su magance matsala ba. Intanet shi ne abin da kamfani ke kawowa har gida. Wi-Fi kuwa hanya ce kawai ta rarraba shi cikin gida ta iska, daga akwatin da ake kira ruta, modem ko boks, zuwa salula, kwamfuta da talabijin. Kamar ruwan famfo ne da bututun cikin gida: idan ruwan bai zo da ƙarfi ba, sabon bututu ba zai ƙara shi ba, idan kuma ya zo da ƙarfi amma bututun ya toshe, ba laifin kamfanin ruwa ba ne.

A Nijar, hanyoyi uku ne intanet ke shiga gidaje. Ta farko, wadda ta fi yawa, akwati ne da ake saka wa katin SIM na Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom ko Niger Telecoms. Ta biyu ita ce wayar da ake ja har cikin gida, a unguwannin da ta kai. Ta uku tauraron ɗan Adam ne, musamman tun da Starlink ya fara aiki a hukumance a ƙasar cikin 2025.

Kafin a sayi akwatin SIM, a yi gwajin da ba ya cin kuɗi: a ari salular da ke da layin kamfanin, a gwada ta a cikin gidan, da safe da kuma tsakanin magariba da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, lokacin da jama'a suka fi cunkoso a kan rezo. Kamfanin da ke gudu a kasuwa yana iya rarrafe a unguwarku. A kuma tambayi mai sayarwa ko akwatin yana karɓar kowane SIM ko an ɗaure shi da kamfani ɗaya. Game da forfen da aka ce ba shi da iyaka, a karanta sharuɗɗansa da kyau, domin a irin waɗannan tsare-tsare sau da yawa ana rage gudu idan an wuce wani adadi.

Inda za a ajiye akwatin

Wi-Fi igiyar rediyo ce, kuma duk abin da ta ratsa yana rage mata ƙarfi. Katangar laka mai kauri da ginin siminti mai ƙarfe a ciki suna cin ta sosai. Ƙofar ƙarfe, kwanon rufi da firij suna mayar da ita baya. Ruwa ma yana shanye ta, don haka kusa da randa ko tankin ruwa ba wurin ajiye akwati ba ne. Wurin da ya fi dacewa shi ne tsakiyar inda ake zama, a sama, kan kanta ko a jikin bango, ba cikin kabad ba, ba bayan talabijin ba. A gidan da ɗakuna suka kewaye tsakar gida, a nemi wurin da ke kallon yawancin ƙofofin. Wanda ya ɗora akwatinsa a tagar da ke kallon titi, ya sani rabin ƙarfinsa waje yake tafiya. Sai dai akwatin SIM yana buƙatar ya kama rezon kamfani, don haka a gwada wurare biyu ko uku kafin a buga ƙusa.

Yawancin akwatunan zamani suna watsa Wi-Fi kashi biyu: 2.4 GHz da 5 GHz. Na farko yana tafiya nesa, yana ratsa bango, amma ba shi da gudu sosai kuma maƙwabta duk a kansa suke. Na biyu ya fi gudu, amma bango ɗaya ko biyu sun ishe shi. Wanda ke ɗaki ɗaya da akwatin ya kama 5 GHz, na ƙuryar gida ya zauna a kan 2.4. Kada a rikita wannan 5 ɗin da 5G na kamfanonin salula, ba abu ɗaya ba ne. A unguwar da Wi-Fi ya yi yawa, sauya tasha a kan 2.4 zuwa ta 1, ta 6 ko ta 11 yana rage karo da na maƙwabta, domin su ukun ne ba sa hawa kan juna.

Sai zafi da ƙura. Yawancin waɗannan na'urori an ƙera su ne don su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 40 ba, alhali a watannin Afrilu da Mayu ɗakin kwano a Tawa ko Damagaram yana wuce haka. Akwatin da ya yi zafi yana rage gudu ko ya riƙa mutuwa yana tashi. Kada a rufe shi da ƙyalle don gudun ƙura, kada a ɗora shi kan dikoda ko wani abu mai zafi, kuma lokacin hunturu a riƙa goge ramukan da yake shan iska. Game da ɗaukewar wuta, akwatin SIM ba ya cin lantarki da yawa, galibi wat 5 zuwa 12, don haka ƙaramin batiri mai ba da volt ɗin da aka rubuta a jikin cajarsa zai riƙe shi sa'o'i. Farantin Starlink ya fi haka ci nesa ba kusa ba, mai shi sai ya yi lissafin sola ko batiri tun kafin ya saya.

Makullai biyu ne

Kowane akwati yana da kalmar sirri biyu, kuma mafi yawan gidaje ɗaya kawai suka sani. Ta farko ita ce kodin da ake bai wa mai son shiga Wi-Fi. Ta biyu ita ce ta shiga cikin akwatin kansa, inda ake sauya suna, kodi da duk sauran tsare-tsare. Wanda ya riƙe ta biyu shi ne mai gida na gaskiya a kan layin.

Ana shiga ne ta hanyar haɗa salula da Wi-Fi ɗin, a buɗe Chrome ko makamancinsa, a rubuta adireshin da ke jikin takardar da aka manna a ƙarƙashin akwatin. Galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, a akwatunan Huawei kuma 192.168.8.1. Starlink da wasu sababbin na'urori ta manhajarsu ake sarrafa su. A akwatuna da yawa, musamman tsofaffi, suna da kalmar sirrin da suka zo da su daga masana'anta duk "admin" ne, kuma jerin irin waɗannan kalmomi na kowane samfuri yana nan a intanet kowa na iya gani. Yaron da kuka bai wa kodi don ya yi aikin makaranta, idan ya san wannan, zai iya shiga ya ga komai, ya sauya komai, har ya rage wa salularku gudu ya ƙara wa tasa.

Wannan sakaci ya taɓa girgiza duniya. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa yawo a intanet tana gwada kusan kalmomin sirri 60 na masana'anta a kan kyamarori da akwatunan intanet. Ta kame dubban ɗaruruwa ba tare da masu su sun sani ba. A watan Oktoban shekarar aka yi amfani da su wajen kai hari kan kamfanin Dyn na Amurka, lamarin da ya hana jama'a shiga Twitter, Netflix da wasu manyan shafuka na sa'o'i. Yammacin Afirka ma bai tsira ba: a ƙarshen 2016 an yi amfani da wani nau'in Mirai a kan kamfanin salula na Lonestar a Laberiya, har intanet ya rikice a ƙasar, kuma a Janairun 2019 wata kotun Ingila ta ɗaure ɗan Birtaniyan da ya kai harin. Tun watan Afrilun 2024 dokar Birtaniya ta hana sayar da na'urorin da ke zuwa da kalmar sirri mai sauƙin zato irin wannan. A kasuwanninmu kuwa, tsofaffin kaya da na hannu suna nan cike, don haka aikin ya rage ga mai saye: ranar da aka kunna akwati, ranar za a sauya kalmar shigarsa, kuma kada ta zama iri ɗaya da kodin Wi-Fi.

Lambar waya ba kodi ba ce

Tsarin tsaron Wi-Fi yana buƙatar kodi mai aƙalla haruffa 8. Lambobin waya a Nijar kuma 8 ne cif. Shi ya sa gidaje da shaguna da yawa suka mai da lambar mai gida kodi, lambar da ke rubuce a allon shago, kuma duk unguwa ta haddace ta. Wasu kuma sunan ɗan auta da shekarar haihuwarsa, ko 12345678.

Ko ba a san lambar ba, gano ta ba aiki ba ne ga wanda ya iya. Idan salula tana haɗuwa da akwati, suna musayar wasu bayanai ta iska, kuma wanda ke kusa zai iya kama su ya tafi da su gida ya sa kwamfuta ta yi ta gwada kodi. Lamba 8 na nufin zaɓi miliyan 100, kwamfuta mai ƙarfi kuma tana gwada dubban ɗaruruwa a daƙiƙa guda. Aikin ƴan mintuna ne. A 2021 wani mai bincike na kamfanin tsaro na CyberArk ya zaga birnin Tel Aviv da kayan da ba su da tsada, ya tattaro bayanan Wi-Fi 5,000, ya kuma fasa kusan kashi 70 cikin 100. Babban dalilin shi ne mutane da yawa lambar wayarsu suka sa.

Abin da ke ba kodi ƙarfi shi ne tsawo. A ɗauki kalmomi huɗu ko biyar na Hausa, Zabarmanci ko Tamashek waɗanda ba su da alaƙa da juna, a haɗa su da lamba da wata alama, misali irin "Rakumi-tukunya47-gajimare-Allura". Wannan misali ne kawai, tunda an buga shi kada kowa ya ɗauka. Irin wannan yana da sauƙin riƙewa, kuma ya fi ƙarfin gwaji ɗaya bayan ɗaya. A guji karin magana ko addu'ar da kowa ya sani. A kuma guji haruffa masu lanƙwasa kamar ƙ, ɗ da ɓ, domin wasu na'urori, musamman talabijin, ba sa karɓar su.

A shafin da ake sauya kodi akwai wurin zaɓen nau'in tsaro. WEP shi ne na farko, an gano yadda ake fasa shi tun 2001, kuma yau cikin mintuna ake buɗe shi. WPA na 2003 shi ma ya tsufa. A zaɓi WPA2, wanda ya fito a 2004, tare da AES, ko WPA3 na 2018 idan akwatin yana da shi. Idan tsofaffin salulolin gidan suka ƙi kama WPA3, akwai zaɓin da ya haɗa su biyun. Akwatin da ba shi da komai sai WEP, lokacin ritayarsa ya yi. Sunan Wi-Fi ɗin ma a sauya shi: kada ya nuna samfurin akwatin, kada kuma ya ɗauki sunan mai gida ko lambarsa.

Ƙofofin baya guda uku

Akwai wani maɓalli a jikin akwatuna da yawa mai suna WPS, wanda aka yi don a haɗa na'ura ba tare da rubuta kodi ba. Yana da wata lamba mai 8 a ɓoye. A watan Disambar 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa akwatin yana duba lambar ne rabi da rabi, kuma ta ƙarshe lissafin sauran ce. Sakamakon haka, gwaji 11,000 kacal ya isa a gano ta, ita kuma ta ba da kodin Wi-Fi komai tsawonsa. Manhajojin da samari ke saukewa da sunan fasa Wi-Fi, waɗanda ke aiki a cikinsu galibi ta nan suke bi. A shiga cikin akwatin a kashe WPS.

Ta biyu ita ce damar sarrafa akwatin daga nesa, wadda a Faransanci ake rubuta ta "gestion à distance". Idan tana kunne, shafin shiga akwatin yana iya zama a buɗe ga mutanen da ke wajen gida. Gidan da ba ya buƙatarta ya kashe ta.

Ta uku ita ce tsohuwar manhajar da ke tafiyar da akwatin. Ana gano kurakurai a cikinta lokaci zuwa lokaci, masu ƙera ta kuma su fitar da gyara. A 2017 Mathy Vanhoef na jami'ar Leuven a Beljiyam ya gano wani rauni a WPA2 kansa, wanda aka sa wa suna KRACK, kuma maganinsa shi ne sabunta manhajar saluloli, kwamfutoci da akwatuna. A nemi wurin da aka rubuta "mise à jour", a kunna sabuntawa ta kai tsaye idan akwai, idan babu a riƙa dubawa duk bayan ƴan watanni. Kada a yi wannan aiki lokacin da ake tsoron ɗaukewar wuta, domin yankewa a tsakiya na iya kashe akwatin gaba ɗaya.

Wanda ya sayi akwati na hannu, ko aka aiko masa da shi daga waje, ya fara da mayar da shi yadda ya fito daga masana'anta: akwai ƙaramin rami a bayansa, a danna da tsinke na kusan daƙiƙa goma har fitilu su mutu su dawo. Idan kuma mai gyara ne ya zo ya kafa, a biya shi haƙƙinsa, a yi masa godiya, bayan ya tafi a sauya kalmomin sirrin biyu. Ba zargi ba ne. Mutumin da ya kafa akwati hamsin a gari bai kamata ya riƙe makullan gida hamsin ba.

Kodi ya fi fita ta hannun na gida

Duk da waɗannan dabaru, yawancin masu jingina da katanga ba su fasa komai ba. Ba su aka yi. Ƙane ya bai wa abokinsa, abokin ya bai wa ƴan fadarsu. Tun Android 10, duk salular da ke kan Wi-Fi tana iya nuna lambar QR da wani zai ɗauka ya shiga, a yawancin saluloli ma kodin yana bayyana a rubuce. iPhone ma tana nuna shi tun iOS 16. Don haka karɓar salular baƙo a rubuta masa kodi a ɓoye ba ya hana komai. Akwai kuma manhajojin neman Wi-Fi kyauta waɗanda ke kwashe kodin da ke cikin salular mai amfani da su, su ɗora a taswira don kowa. A 2019 an gano ɗaya daga cikinsu, WiFi Finder, ta bar fiye da kodi miliyan 2 a buɗe a intanet, da yawansu na gidajen mutane.

A al'adarmu hana maƙwabci abu yana da nauyi, kuma baƙon da ya ce "a taimaka mini da kodi" ba a iya ce masa a'a. Mafita tana cikin akwatin: rezon baƙi, wanda ake rubutawa "réseau invité". Wi-Fi ne na biyu mai sunansa da kodinsa, wanda ke ba da intanet amma ba ya barin mai shi ya kai ga shafin akwatin, kyamara ko kwamfutar gida. A akwatuna da yawa ana iya iyakance gudunsa ko yawan mutanen da za su hau. Shi za a bai wa baƙi, maƙwabta da abokan yara, a riƙa sauya kodinsa duk wata ko bayan biki da suna. Kodin asali kuwa ya tsaya a hannun manyan gida biyu ko uku. Idan maƙwabci yana son ya riƙa amfani kullum, gara a zauna a yi magana a fili, ya kawo nasa kason na forfe.

Sau ɗaya a mako a duba jerin na'urorin da ke kan layi. Idan gidan yana da salula bakwai da talabijin ɗaya, aka ga goma sha biyar, an san inda jiga ke tafiya. Toshe su ɗaya bayan ɗaya ba ya daɗewa, domin sababbin saluloli suna iya sauya lambar shaidarsu su dawo kamar baƙi. Ɓoye sunan Wi-Fi ma ba tsaro ba ne, manhaja mai sauƙi tana gano shi. Sauya kodi shi ke korar kowa lokaci guda.

Abin da mai kutse zai iya, da wanda ba zai iya ba

Ba sai an firgita fiye da kima ba. Wanda ya hau Wi-Fi ɗinku ba zai karanta saƙonninku na WhatsApp ba, domin tun 2016 a kulle suke daga mai aikawa zuwa mai karɓa. Yawancin shafuka da manhajojin banki ma suna rufe abin da ke wucewa. Amma zai iya ganin na'urorin da ke gidan, ya gwada shiga kyamarar da ba a sauya wa kalmar sirri ba. Idan ya sami shiga akwatin kansa, zai iya karkatar da ku zuwa shafin bogi mai kama da na gaske don ku rubuta lambobinku da hannunku. An yi haka a Brazil a 2018, inda aka karkatar da akwatuna kusan 100,000 zuwa shafukan banki na ƙarya. Duk lokacin da salula ta yi gargaɗin cewa shafi ba shi da aminci, kada a danna a wuce.

Sai batun doka. Katin SIM da kwangilar intanet suna da rajista da sunan mutum. Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 2019, kuma a watan Yunin 2024 an yi mata gyaran da ya dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna, zagi da yaɗa bayanan da ka iya ta da hankalin jama'a ta hanyar intanet. Idan wani ya yi damfara ko ya watsa irin waɗannan abubuwa ta layinku, sawun farko da masu bincike za su bi yana iya kawo su ƙofarku, ku kuma ku shiga aikin wanke kai. Samarin da ke ganin shiga layin wani wasa ne su ma su sani cewa kutsawa cikin na'urar wani ba da izini ba yana cikin abin da dokar ta hana.

Ga waɗanda ke waje

Gidaje da yawa ɗan da ke ci-rani ne ya sayi akwatin, shi ke biyan forfe duk wata, amma bai taɓa ganin inda aka ajiye shi ba. Idan haka ne, ku zaɓi mutum ɗaya amintacce a gida, ƙanwa ko ƙane mai hankali, ku yi aikin tare ta kiran bidiyo da forfen salularsa, tunda Wi-Fi zai yanke lokacin da aka sauya kodi. A rubuta kalmomin sirrin a takarda a bai wa Inna ko Baba su adana inda suke ajiye takardun gida. Kada a tura su cikin zauren WhatsApp na dangi mai mutum tamanin.

Asusun da ake biyan kuɗi da shi, musamman na Starlink, ya kasance da adireshin imel ɗinku ko na wani ɗan gida, ba na dillalin da ya sayar ba, domin mai asusu shi ke da iko da layin. Idan kun sa kyamara don ku riƙa ganin gida daga nesa, ku sauya kalmar sirrinta, ku tsayar da ita kan ƙofa da garka. Tsakar gida wurin mata ne da yara, kuma hoton da ya fita ba ya dawowa. Ku kuma gaya wa tsofaffi a fili: babu ma'aikacin kamfanin waya ko na aika kuɗi da zai kira ya nemi lambar sirri ko lambar da aka turo ta saƙo.

Masu hawa Wi-Fi na tikiti a unguwa, tasha ko bakin kasuwa su tuna layi ɗaya suke da mutanen da ba su sani ba. Kallon bidiyo da hira ba matsala, amma harkar kuɗi gara a yi ta da forfen salula. Mai son mai da layin gidansa sana'a kuma ya raba shi da na iyali, ya karanta sharuɗɗan kwangilarsa, ya nemi bayani wurin hukumar ARCEP mai sa ido kan harkar sadarwa kafin ya fara sayarwa.

Idan tun yanzu kuna zargin an shiga layinku, alamun su ne forfe mai ƙarewa da wuri, na'urorin da ba ku sani ba, ko kalmar shiga akwatin ta daina aiki. A danna ramin baya a mayar da shi sabo, a sa sabuwar kalmar shiga, sabon kodi mai tsawo, a zaɓi WPA2 ko WPA3, a kashe WPS, a buɗe rezon baƙi, sannan a sake haɗa salulolin gida ɗaya bayan ɗaya. Kafin a danna, a ɗauki hoton takardar da ke ƙarƙashin akwatin, kuma masu layin waya su tanadi bayanan da kamfani ya ba su, domin za a sake buƙatar su. Duka aikin ba ya wuce rabin sa'a.